Layin da Ya Ƙi Miƙewa

Tun yana saurayi Baba Mai Fenti yake rubuta allunan shaguna da buroshi, har ana cewa layinsa ya fi na rula miƙewa. Bana kuwa sai ya tsiri cewa zamani ya wuce fenti, shi kwamfutar laftof yake so, mai ƙarfin ɗaukar manhajar zane. Bai gaya wa kowa hannunsa na dama ya fara rawa ba. Fatansa na'ura ta rufa masa asiri.

Babbar 'yarsa ce ta raka shi kanti. Mai kanti ya kunna musu ɗaya, ya ce, "Baba, wannan ba ta gajiya. Ja layi ka gani."

Baba ya kama linzamin kwamfutar ya ja. Layin ya fito a karkace kamar sawun tsutsa.

"Wannan raguwa ce," in ji shi. "Kawo wadda ta fi ta."

Aka kawo wata, aka sake kawo wata, layin bai canza zani ba.

Mai kanti ya bushe da dariya. "Baba, ko dai direban ne, ba motar ba?"

Ba wanda ya taya shi. Baba ya ɗaga kai, ya ga 'yarsa yatsunsa take kallo, suna karkarwa a kan tebur. Ya san yanzu ta gane dalilin da ya sa ya daina shan shayi a gaban iyalinsa.

Ta rufe laftof ɗin a hankali. "Gaskiyarka, Baba, duk ba su da ƙarfi. Mu je gida."

Ya cusa hannun a aljihu, ya bi bayanta.