Wankin Takardar Abarci

Abarci mutumin arewacin Azagor ne, kuma tun yana saurayi sana'arsa haƙar rijiya. Ya haƙa wa Fulani, ya haƙa wa Buzaye ƴan'uwansa, har Birnin Lalle an taɓa kiransa. Duk cikin rijiyoyin nan guda ɗaya ce tasa, wadda ya haƙa bayan babban fari, lokacin da dabbobin ubansa suka ƙare, aka bar shi daga shi sai jaki da igiya. Sufurefe na zamanin, wato shugaban gunduma, ya ba shi takardar izini. Abarci bai yi lakkol ba, bai iya karatun boko ba, amma ya san abin da takardar ta ƙunsa. Ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya. Da ita a wuyansa ya yi aure, da ita ya aurar da ɗiyansa.

Da itace aka ɗaure cikin rijiyar, kuma itace ba ya dawwama. A bara bakinta ya fara zubewa. Wata ƙungiya ta ce za ta yi wa tsofaffin rijiyoyi siminti kafin damina, amma sai an aika hoton takardar izini zuwa Maradi. In ruwa ya sauka ba a gyara ba, rijiyar za ta rufta, gidaje da yawa su kora bisashensu wani wuri.

Wannan ne ya kawo shi bironmu, kusa da kasuwar dabbobi ta Dakoro. Aikinmu shi ne duk wanda ya kawo takarda mu ɗora ta a sakana, na'urar ɗaukar hoton takarda, mu adana hoton a ordinater, wato kwamfuta, mu aika inda yake so. Ni nake karɓar mutane, Hamdiya ke kan na'ura. Ita ɗiyar maƙera ce, shi kuwa Buzu, abokan wasa ke nan, don haka tun daga bakin ƙofa wasa ya kama.

"Yau kuma maƙera sun bar zuga-zugi sun koma danna-danna?" in ji Abarci.

"Baba, ku kuka daina biyan kuɗin takobi," ta ce. "Kawo layar mu warware. In mun aika, sai in wanke maka guda biyu ka riƙe."

Hannunsa ya riga ya kai wuya, sai ya tsaya cak.

"Ki mi?"

"In wanke maka."

Ya mai da layar cikin riga, ya ɗauki sandarsa ya fita, ko sallama babu.

A wurinmu wankewa ita ce fitar da hoto a kan takarda, kamar yadda masu hoto ke cewa. A wurin Abarci kuwa wankin rubutu ɗaya ne: na allo, wanda malam ke wankewa a ba mutum ya sha, allo ya koma fari fat.

Ran kasuwa ta gaba ya dawo, don wani ɓangaren rijiyar ya ƙara zubewa. Ya zauna a benci yana kallo. Wata mata ta kawo takardar haihuwar jikanta, aka ɗora, haske ya wuce, aka mai da mata abarta. Abarci ya roƙe ta ya karɓa, ya ɗaga ta sama, ya shafa da yatsa. Rubutu na nan. Bai yarda ba tukuna. Ya ciro katin allurar awakinsa ya ce a fara da shi. Aka yi. Ya juya shi gaba da baya.

"To, ɗiyar maƙera, ɗauko reza. Amma a hankali."

Hamdiya ta warware ɗinkin. Abin da bai taɓa jin tsoronsa ba shi ya faru. Zufa da shekaru sun cinye takardar a kan ninki, tana buɗewa ta rabu gunduwa-gunduwa. Abarci ya yi salati. Ba wanda ya yi wasa a lokacin.

Hamdiya ta jera gutsattsarin a kan gilashin sakana da bakin allura, tana haɗa layi da layi, har tambarin sufurefe ya koma da'ira. Ta rufe, ta danna. Takarda ta fito cikakkiya, sunansa da sunan ubansa da wurin rijiya duk suna karantuwa. Na karanta masa da Hausa, yana gyaɗa kai. Sannan muka aika.

Ya daɗe yana kallon sabuwar takardar. Can ya ce, "Ruwan wankin fa? In akwai ku ba ni in zuba a rijiya."

"Maƙera sun shanye, Baba."

Magina sun isa wurinsa ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Ɗansa Issa ya ba ni labari cewa tsohon bai bar su su shiga su kaɗai ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya bi su har ƙasa, yana nuna musu inda yashi ke zurarewa.