Ƙarfen da Inna ta hana ni sayarwa

Jiya a Badarawa ina tattara wa ɗan gwangwan tsofaffin ƙarafa, sai na jawo wani mai zobe biyu daga bayan rumbu, duk ya yi tsatsa. Kakata ta daka mini tsawa.

"Aje wanga! Marin kakana na, da shi anka ɗaure mai ƙafafu yana bawa."

Na ce, "To Inna, abin baƙin ciki, don mi za a aje shi?"

Ta ce, "Ranar da anka 'yanta shi, da bakinai ya ce a ba shi abinai, kada a sa ma wani."

Na sha karanta yadda aka yaƙi bauta a duniya, amma ban taɓa tambayar ta gidanmu ba. Ku fa, kun tambayi tsofaffinku?