Yaya Kulu da Lilon Aro

Bana shekara tara da rasuwar yayata Kulu, wadda ta tsufa tana duba makarantun ƙananan yara a nan Illela. Allah Ya jiƙan ta. Ba don lokacin ya zagayo kaɗai na tuna da ita ba, jikata Ummi ce ta sa.

Yaya ba ta aika wa makaranta cewa tana tafe. Sai ta laɓe bayan katanga ta kasa kunne. In ta ji hayaniya da dariya, har da ɗan kuka, ta shiga da fara'a. In ta ji tsit, ranar malamai sun shiga uku. Takan ce ɗan shekara uku ba ya shiru sai da dalili, ko ciwo ko tsoro. Har daga Kalmalo iyaye ke zuwa tambayar ta inda za su sa 'ya'yansu.

Yau fa? Ana sanar da zuwan masu dubawa tun da sauran kwanaki. Da idona na ga lilo da dokin roba a kan amalanken jaki, ana kai su wata makaranta da safe, la'asar na yi aka kwashe zuwa wata. Lilo ɗaya, makarantu barkatai! Baƙi su ga fenti da kayan wasa, yara su rera ƙirgan Turanci, a yaba, a tafi. Fankam fankam dai ba shi ne kilishi ba. Da Yaya na raye, wallahi da jakin nan za ta bi har gidan mai lilon.

A irin wannan makaranta ɗana ya sa Ummi, wai ita aka fi yabo. Yarinyar da a da sai na toshe kunne don surutunta, yanzu in ta dawo sai ta rakuɓe jikin bango ta harɗe hannuwa. Na je bayan katangarsu na tsaya irin ta Yaya. Ban ji komai ba sai ƙarar bulala a kan tebur. Na gaya wa ubanta, ya ce, "Haba Inna, ai natsuwa ce ta koya." Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma tun yana ɗanye ake karya shi.

To me ya rage na Yaya Kulu? Kunnen da ta bar mini kawai, ga shi ba ni da wanda zan kai wa abin da na jiyo. Abin yana cin raina, kuma ban ga alamar gyara ba.

Jiya ina yi wa Ummi kitso, ta ɗago ta ce a hankali, "Kaka, yaushe baƙi ka dawowa?" Na ce mi za su yi miki?

Ta ce, "In sun zo ana bari mu yi wasa."