Muryar Aro

Shekara ashirin Mai Jita yana ɗinki kafin ya haɗa ƙungiyar kiɗa da abokansa. Abokan suka ce a riƙa hayar kayan sauti, ya ce shi ba ya waƙa da muryar aro. Ya sayar da keken ɗinkinsa, ya sayo manyan lasifikoki biyu. Ranar tafiyar farko lasifikokin suka ƙi shiga mota. Ya rantse ba ya tafiya sai da su, abokan suka tafi da wani mawaƙin. Yanzu a kansu matarsa ke shanya kayan yara. In baƙo ya tambaya ko suna aiki, sai ya ce, "Sabbi ne fil, malam. Ko sau ɗaya ba a kunna su ba."