Malam Ashafa Mai Tokar Fili

Duk Asabar da hantsi sai ka ji sallamar Malam Ashafa a ƙofar gida, da tsohon bokitinsa, yana neman toka. Da ita yake zana layukan filin ƙwallon Yalwawa tun Dutse tana sabuwar hedikwatar jiha. Amma fa ba kowane gida yake zuwa ba, sai wanda aka rasa ɗan kallo. Ya ce wanda ya bar benci, murhun gidansa ya wakilce shi.

In aka tafi hutun rabin lokaci, sai ya tsaya a tsakiyar fili ya kira mamatan ɗaya bayan ɗaya, yana kwaikwayon irin ihun kowa, a yi musu Fatiha. Daga nan alƙali ya hura usur, mai gyaɗa ta ci gaba da cinikinta.

Ni dai ban taɓa gani ba, mu mata ta katanga muke jin wasa. Kuma haushinsa nake ji, ba na ɓoyewa. Mijina, Baban Mu'minatu, yana raye fili ya cinye min yammacinsa, ya rasu kuma Malam Ashafa ya fi ni riƙe shi. Ni da na tuƙa masa tuwo shekara da shekaru muryarsa ta fara ɓace min, wai wanda suka haɗa benci kawai ya iya ta, har da tarin. Ranar da "Buga mana, ɗan nema!" ta tsallako katanga daga bakin Malam, sak muryar marigayin, sakin muciya na yi na zauna. Da Asabar ta zagayo na ce ba ni da toka. Daga zaure ya ce to layin ragar gabas, na tokar gidana, zai kwana ba zane, don ba zai cike shi da ta gidan maƙwabciyata Kubura ba. Na tashi na kwaso.

Malam, kai ne mai riƙon amanar waɗanda ba za su iya gode maka ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, an ce ka ajiye bokiti. Allah Ya saka, Ya ba ka mai kiran naka sunan. Na gode, ko da yake ban huce ba.

Ku kuma samarin Yalwawa, ku je ku zauna gabansa ku koyi muryoyin nan tun yana iyawa. Tokata tana nan a kasko bakin zaure. Asabar jibi ce.