Lagwanin da Na Bari a Ƙeyar Sale

Da safe Ladi, matata, ta ɗora ruwan gishiri a murhu. Na Sale ne, wani ɗan ƙodago da ya zo girbin masara ƙauyenmu, gabas da Janfalan, maruru ya fito masa a ƙeya kamar ƙwan zabo. Ni wanzami ne. Ni na tsaga shi, na matse mugunyar, na cusa lagwanin bandeji don kada baki ya rufe ciki bai warke ba. Kullum bayan asuba yakan durƙusa a zaurena, in zare na jiya, in wanke, in sa sabo, in manna filasta biyu a gicciye. Ladi ta aiko masa da koko.

"Baba, hannunka akwai albarka," haka yake cewa, idonsa na kan shanun nomana.

Ranar bai zo ba. Ruwa ya huce, Ladi ta sake hura wuta, tana cewa bawan Allah ko zazzaɓi ne ya kayar da shi.

Da hantsi muka ji babura. Sai harbi ta wajen masallaci. Ina bayan rumbu, na danne 'yarmu Hajara a ƙasa, na toshe mata baki.

"Kowa ya kwanta!"

Su uku suka shigo, fuska a naɗe. Ɗaya bai tambayi hanya ba, ya wuce turke kai tsaye. Ya sunkuya kwance igiya, rawaninsa ya zame. Filasta biyu a gicciye. Aikin hannuna.

Ladi ma ta gani. Tana tsaye da tukunyar a hannu, ta ce, "Sale?"

Harbi ɗaya ya yi.

Na saɓa Hajara, na faɗa cikin dawa. Ganye yana yankar mana fuska. Da azahar muka haye rafi, hayaƙi na tashi a bayanmu. Ana kiran la'asar muka shiga Ikara, ba takalmi. Washegari na koma tare da maza muka yi wa Ladi sutura. Tukunyar tana kife inda ta faɗi.

Yanzu muna Makarfi gidan ƙanena. Kowa cewa yake in bar wa Allah. Na bar masa, amma ban yafe ba, kuma ina da roƙo. Lagwanin ƙarshe na tura shi can ciki, wutsiyarsa gajera. Ƙeya ce, shi ba ya gani, a daji kuwa babu mai zare masa. Allah ya sa baki ya rufe a kansa. Ya ruɓe daga ciki, ya hana shi kwanciya, ya kira sunana babu mai amsawa.

Shanu biyu. Rumbu ɗaya. Ladi.

Jiya an kawo mini wani yaro da maruru a cinya. Na tsaga, na matse, na juya wajen madafa zan ce a kawo ruwan. Sai na tashi na hura wutar da kaina.