Ranar da Ɗan Raƙumi Ya Shiga Aji a Tukra

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Zainabu. A gidanmu da ke unguwar Marjandafak mun yi mata abin da aka saba, an sauke Alƙur'ani, an raba waina ga maƙwabta. Amma ni na fi tuna ta a farkon damina, lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke fitowa titi da rigunan makaranta cike da rubuce-rubuce, suna sallama da juna kafin jarrabawar bak, ta kammala sakandare.

Yaya ta yi aiki a wata ƙaramar lise, wato makarantar sakandare, da ke bayan Tukra a wajen gari, tun wurin yana gonaki da 'yan gidajen laka. Ita ce mai kula da tarbiyyar ɗalibai, su kuma suna kiranta Madam. Inna ba ta taɓa son aikin ba. Takan ce kakanninmu sun taso za su Makka, suka yada zango a garin nan suka kama kasuwa, ita kuma Zainabu ta tsallake kasuwar ta nufi daji.

Makarantar tana da wata al'ada. A ranarsu ta ƙarshe, 'yan ajin taminal, wato ajin ƙarshe, sukan kawo sabon ɗalibin da zai gaje su, kuma dole ya zama dabba. Sai a sa masa rigar makaranta, a tsayar da shi gaban allo, wani ya kwaikwayi shugaban makaranta yana yi masa tambayoyi, malamai na zaune a bencin baya suna dariya. Wata shekara akuya ta cinye rabin taswirar Cadi. Wata shekara jaki ya ƙi fita daga aji sai da aka kira mai shi. Daga gidajen iyayen yaran ake aro dabbobin, don haka ba a taɓa samun matsala ba.

A shekarar da nake magana, Yaya ta ce in raka ta in taya ta raba karkanji, wato zoɓo, da fanke. Tun a cikin bas muka ji mutane na maganar faɗan da aka yi a wani ƙauye kusa. Dabbobin makiyaya sun shiga gonar da aka gama shuka, an ba hamata iska, mutum ɗaya yana kwance a asibiti. Makiyayan raƙuma kuma sun yi zango a bakin fadama, suna shirin komawa arewa. Kowa a yankin yana tafe yana waiwaye.

Muna cikin zuba karkanji a kofuna sai muka ji shewa. Wani dogon saurayi mai suna Noji, ɗan wani manomi, ya shigo da ɗan raƙumi, an ɗaura masa riga a wuya. Yara suka yi ta tsalle, malamai ma suka dara. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye butar da ke hannunta.

"Noji, na waye wannan?"

"Madam, aro ne. Yana kiwo shi kaɗai a bayan fadama. Da an gama zan mayar."

"Ka tambayi mai shi?"

Ya sunkuyar da kai.

Ba ta kai ga sake magana ba muka fara jin kukan taguwa daga nesa, uwar na neman ɗanta. Bayanta ga maza da rawuna, da sanduna, wasu da wuƙa ɗaure a damtse. Makarantar ba ta da katanga, shingen ƙaya ne da ƙofar kwano. Shugaban makaranta ya shiga gari taro. Daga ɗaya gefen kuma labari ya riga ya kai gonaki, iyayen yara sun taho da fartanya da adda. Na ga wani malami yana tura 'yan mata ƙarƙashin benci.

Yaya ta gyara mayafinta ta ce da ni, "Hadiza, rufe ajin, ki tsaya a bakin ƙofa." Ta fita ita kaɗai.

Ta taga nake kallo. Ta tsaya a tsakiya, makiyaya a damanta, manoma a hagunta. Ta fara gaida dattijon da ke gaban makiyayan da Larabcin da muka taso da shi a kasuwa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali, ta tambayi dabbobi, kamar a zaure suka haɗu. Ya amsa a taƙaice. Wani matashi a bayansa ya ce a fito musu da ɓarawon.

"Ammi," ta ce da dattijon, wato baffa, "ɗan raƙuminka yana ciki, lafiyarsa ƙalau. Yaro ya ɗauko shi ba da izini ba, ya yi laifi, ban musa ba. Amma har a tashi makaranta yaran nan amanata ne. Ba zan miƙa ko ɗaya ba."

Sai ta juya ga manoman ta kira uban Noji da sunansa, ta ce ya ajiye addar. Bai ajiye ba. Ta ci gaba da kallonsa har ya sauke hannu.

Dattijon ya ce sai ya gani da idonsa. Ta shigo da shi shi kaɗai. Na buɗe ƙofa. Ya tarar da ɗan raƙumin a gaban allo, rigar na reto a wuyansa, yara sun manne da bango. Ya duba ƙafafunsa, ya duba bakinsa, ya shafa bayansa. Ya daɗe yana kallon rigar.

"Me kuke koya masa?"

"Tun safe yake nan bai amsa ko tambaya ɗaya ba," in ji Yaya. "Daidai yake da 'yan ajin."

Bai yi dariya ba, amma ya kwance rigar a hankali ya ninke ta ya ɗora a kan tebur. Da suka fito ya ce wanda ya ɗauko shi, shi zai mayar da shi da ƙafarsa har zango, a gaban kowa. Uban Noji ya ce ɗansa ba zai je ko'ina ba. Aka sake ɗaga murya a waje. Yaya ta ce, "Zai je, kuma da ni za a je."

Haka suka bi ta tsakanin mutane, Noji riƙe da igiya, ita riƙe da wuyan hannunsa, taguwar na biye. Muka zauna jira. Babu wanda ya taɓa fanken. Sai bayan azahar suka dawo, lafiya lau. Ta sallami yara, ta zaga bayan aji ta yi amai. Da na kai mata ruwa ta ce, "Kada Inna ta ji."

Malamai sun so a soke al'adar. Yaya ta ƙi. Ta ce laifin rashin tambaya ne, ba na wasa ba. Daga shekarar aka koma gayyatar mai dabba ya zo ya zauna a bencin baya ya sha karkanji.

Kwanan baya na bi ta wurin zan je Gassi. Gidajen bulo sun cinye gonakin, an zagaye makarantar da katanga mai tsawo, fadamar ta zama filin ƙwallo. Wata ɗaliba ta ce mini yanzu hoto kawai suke ɗauka da waya, ba ta taɓa jin labarin sabon ɗalibi ba. Ina jin da Yaya na nan za ta yi farin ciki da katangar, don ta sha roƙon a gina ta. Amma za ta tambaya ko yaran sun san sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke zaune a bayan katangar. Rigimar gona da kiwo kuwa ba ta ƙare ba, ta dai matsa gaba zuwa inda gari bai kai ba, kuma ban san ko can akwai mai fita ta fara da gaisuwa ba.

Yaya ta rasu ba ta bar gida nata na kanta ba, ba ta bar 'ya'ya ba. Mutane suna cewa ita ba ta san tsoro ba, ni kuma na san ba haka ba ne. Ranar zaman makokinta wani dogon mutum ya zo ya zauna a ƙofar gida, ba ya jin Hausa, babu wanda ya san shi. Da na leƙa sai na gane Noji ne, ya zama malami a wani ƙauye a kudu. Na tambaye shi da Larabci abin da Yaya ba ta taɓa gaya mini ba, me ya faru a hanyar zango.

Ya ce, "Na ɗauka ta riƙe ni ne don kada in gudu. Sai na ji hannunta ya fi nawa rawa. Amma tun daga ƙofar makaranta har muka isa, tambayoyin bak take yi mini. Duk wadda na faɗi ba daidai ba sai ta ce in sake."

Allah ya jiƙanki, Yaya.